Dokina mai shekara 19 yana tari da majina, don Allah a ba ni shawara

Mai Akawali:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin dawaki ku taimaka min. Ina da wani akawali shekararsa 19 yanzu, tun yana ɗan shekara 6 yake hannuna kuma ban san shi da wani ciwo ba in ban da ciwon ciki da ya taɓa yi sau ɗaya. To yau kusan sati uku kenan yana tari, musamman da safe in na zuba masa harawa ko in na fito da shi kilisa, da mun fara tafiya sai ya tsaya ya miƙa wuya ya yi tari uku huɗu mai zurfi kamar daga can cikin ciki sannan ya ci gaba. Ga kuma majina. Wani ya zo ya yi masa allura kwana uku majinar ta ɗauke har na ce alhamdulillah, bayan kwana biyar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Yana ci amma ba kamar da ba, kuma na ga ƙugunsa ya fara fitowa. Mura ce ko tsufa ne kawai? Ko a sake allurar ne? Wlh abin ya dame ni.

Ɗan Barga:
Wa alaikumus salam. Ayya Allah ya ba shi lafiya. Malam ai shekara 19 ba wasa ba, tsufa ne, namu ma haka ya yi. Ka ɗaga kansa sama ka ɗura masa mai ya wanke maƙogwaron.

Tsohon Mahayi:
Kai yaro, kul! Kar ka ƙara gaya wa wani haka. Dokin da ke tari ka ɗaga masa kai ka ɗura masa mai, in ya kuskure hanya ya shiga huhu ai ka gama da shi, na ga an yi a gabana kwana huɗu dokin bai kai ba. Kuma tsufa ba ya kawo majina, wani abu ne ke kawo ta tsufan dai ya buɗe masa ƙofa.

Mai Akawali tambaya nake, majinar ta hanci ɗaya take fitowa ko duka biyun? Fara ce ko ruwan ɗorawa? Tana wari? Ka sa hannu ƙarƙashin muƙamuƙinsa ka ji ko akwai kaluluwa. Kuma akwai wani doki ko jaki kusa da shi?

Mai Akawali:
Baba na gode. Gaskiya ban taɓa lura da wane hanci ba ne sai da ka faɗa, yanzu na je na duba. Na hagu ne kawai, mai kauri ce ruwan ɗorawa, kuma da na kai hancina kusa sai da na ja da baya, wari kamar ruɓaɓɓen nama. Na dama a bushe yake sai ɗan ruwa ruwa fari in ya gama tarin. Kaluluwa akwai 'yar ƙarama ta hagun amma bai damu ba da na taɓa. Doki ɗaya ne kusa da shi kuma lafiyarsa lau, jaki babu.

Dakta:
Yauwa, tambayar da Baba ya yi ita ce rabin aikin. Malam ban ga dokin ba, don haka abin da zan faɗa hasashe ne a kan bayaninka, amma ni a ganina abu biyu ne suka haɗu maka kake ɗaukarsu abu ɗaya.

Majina mai wari ta hanci ɗaya a tsohon doki, haƙori ake fara zargi kafin huhu. Abin da ya taso daga huhu ko maƙogwaro yawanci ta hanci biyu yake fita, wanda ya fito ta gefe ɗaya kuwa a cikin kai yake, ɓangaren nan. Turamen sama na can ƙarshe saiwarsu tana cikin kogon ƙashin fuska ne, wato sainos, to in ɗaya ya tsage ko saiwarsa ta ruɓe sai mugunya ta taru a kogon ta riƙa malalowa ta hancin gefen. Shi ya sa allura ta kwantar da ita ta dawo, kuma ko sau goma ka sake haka za ta yi matuƙar haƙorin yana nan. Haƙorin doki kullum fitowa yake kaɗan kaɗan yana cinyewa da tauna, in shekaru suka ja sai abin da ya rage a cikin ƙashi ya ƙare, ya fara girgiɗa, ciyawa ta riƙa maƙalewa a tsakani tana ruɓa. Ka duba ƙasa inda yake cin abinci, kana ganin dunƙulen harawa da ya tauna ya tofar, jiƙaƙƙe kamar an murza shi a tafin hannu? Kashinsa akwai dogayen zaren ciyawa da ba su niƙu ba? In akwai to ramar ma daga nan take.

Shi kuma tarin da yake yi in an zuba harawa da farkon kilisa, wannan ya fi kama da asma ta dawaki. Tana kama manya, galibi daga shekara 7 zuwa sama, ƙura da funfunar da ke cikin busasshiyar ciyawa ne ke sa hanyoyin iska su kumbura su tsuke su cika da majina. Ba ta yaɗuwa shi ya sa maƙwabcinsa yake lafiya. Ka tsaya gefensa yana hutawa ka kalli kwiɓinsa, in yana fitar da numfashi hawa biyu, ya saki sannan ya ƙara matse ciki ya turo sauran, to ita ce. Wanda ta daɗe a jikinsa har wani layi yake fitowa a gefen ciki bin ƙarshen haƙarƙari saboda tsokar wajen ta sha aiki. Ka ƙirga numfashin a minti ɗaya, lafiyayye a hutu 8 zuwa 16 ne. Ka samu ma'aunin zafi ka sa masa ta dubura, daidai shi ne 37.5 zuwa 38.5, ka zo ka gaya mana.

Mai Goɗiya Biyu:
Dakta ya gama magana. Ni tawa goɗiyar asmar ce, shekara uku muna fama, kuma wlh abin da ya fi yi mata amfani ba magani ba ne, ruwa ne. Harawar nake tsomawa cikin baho ta nutse gaba ɗaya kamar minti 30 in tsame in ba ta, ba yayyafi ba, yayyafi saman kawai yake jiƙawa. Kar ka bar ta ta kwana a ruwa za ta yi tsami. Ka zuba masa a ƙasa ba a sama ba don in kansa yana ƙasa majinar na samun hanyar fita. Kar a yi shara yana ciki, a fitar da shi tukun sai ƙurar ta kwanta, kuma in rumbun ciyawarka yana jikin bargar ka raba su. Ka shiga da asuba kafin a buɗe ƙofa, in zarnin fitsari ya sa idonka yaji to ka tuna shi a ciki ya kwana. Ranar da na yi ganganci na ba ta busasshiya mai ƙura don ina sauri, kafin dare hancinta ya buɗe tana haki.

Ɗan Barga:
To ni dai na ji an ce deksa, wato deksametason maganin kumburin nan, tana tsayar da tarin nan take, me zai hana ya yi masa?

Dakta:
Tana tsayarwa in asma ce, shi ya sa mutane ke son ta, amma ba a tsohon doki mai mugunya a kai ba kuma ba tare da an duba shi ba. Deksametason tana danne garkuwar jiki, ciwon sainos ɗin sai ya samu sarari. Na biyu kuma, dawaki da suka haura 15 da yawa suna da cutar Kushin, wata ƙaramar halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa take fitar da sinadari fiye da kima, za ka ga gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, yawan shan ruwa da fitsari, naman baya ya zube, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. Irin wannan dokin dama yana kusa da kumburin cikin kofato, ka ƙara masa deksa kana iya wayar gari ya kasa taka ƙafa. Tari ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Tunda wasu za su karanta, in da zazzaɓi ne ya kai 40 da busasshen tari kuma dawakin barga suna kamuwa ɗaya bayan ɗaya, mura ce mai yaɗuwa. In kaluluwa ta kumbura sosai tana zafi har ta fashe da mugunya, cutar da ƙwayar Streptococcus equi ke kawowa ce, an fi ganin ta a ƙanana amma tsoho ma na kamuwa, a ware shi da bokitinsa. Mai kiwo tare da jaki a tuna da tsutsar huhu, jakin na ɗauke da ita lafiya lau dokin ne ke tari. Abu biyu kuma ba a jira da su ko awa ɗaya: jini ta hanci, da kuma ka ga abinci da yawu suna dawowa ta hanci, wannan shaƙewa ce abinci ya tsaya a hanya, a ɗauke ci da sha a kira likita.

Mai Akawali:
Jama'a na dawo. Zafi 38.1 ne, numfashi na ƙirga sau biyu 22 da 24, kuma hawa biyun nan yana yi, na tsaya ina kallo kamar yau na fara ganin dokin. Dunƙulen harawa kuwa Dakta kamar kana wajen, ga su nan a gindin turke, ni da nake zaton ɓarna ce yake yi har ina masa faɗa. Jiya likita ya zo ya yi masa allurar kwantarwa ya sa ƙarfen buɗe baki ya haska, turmi ɗaya na sama ta hagu ya tsage biyu ciyawa ta cushe a ciki, da ya zaro ta warin nan ne sak. Ya ce za a ɗauki hoto a cire haƙorin a wanke kogon, ya kuma ɗebi jini saboda Kushin ɗin. Harawa na fara jiƙawa kwana huɗu kenan kuma na mayar da shi waje ƙarƙashin inuwa, yau da safe sau ɗaya na ji ya yi tari. Allah ya saka da alheri. Baba in ci gaba da fita kilisar ko in bari?

Tsohon Mahayi:
Madalla, amin. Ka aje sirdi da linzami tukun. Ka ja shi da ragama da hannu safe da yamma, tafiya kawai ba sukuwa, inda ba ƙura, da ka ga ya fara haki ku juyo. In an cire haƙorin ka tambayi likitan me zai ci kwanakin farko, don ramin sai an kula kar ciyawa ta sake cika shi.