Zafin injin tsohuwar Kombi: me gejinku ke nunawa?

Magajin Kombi: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Volkswagen Kombi mai inji 1600 da na gada wajen mahaifina, irin wadda ba ta da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya ta. Makon jiya na ɗaura mata gejin zafin tof silinda, wato murfin kan silinda, mai zoben nan da ake sakawa ƙarƙashin filogi. Cikin gari tana nuna digiri 150 zuwa 160 na Salshiyas, amma da na hau titin Zariya da lodi allura ta taɓa 190. Hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka daɗe da ita, me kuka saba gani?

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam ɗana. Tukuna, ƙarƙashin wane filogi ka sa zoben? Na silinda lamba 3 ake sa wa, ta hagu daga can ciki in ka tsaya bayan mota. Ita ce ta fi shan zafi. A injinan kafin 1971 abin sanyaya baƙin mai yana cikin gidan fanka, iskar da za ta isa lamba 3 sai ta bi ta kansa ta ɗumama. Yawancin bawul ɗin da na ciro a ƙone na salansar lamba 3 ne. Digiri 190 da lodi a kan titi ba abin tashin hankali ba ne. In ta wuce 200 ka sassauta totur. In ta doshi 220 kuwa, alminiyon tof yakan saki mazaunin bawul, aiki ya lalace.

Direban Filato: Baba ya faɗi gaskiya, ni a jikina na ji. A Hawan Kibo tawa ta mutu, ina giya huɗu, totur a ƙasa, mota cike da buhunan doya. Babu wutar gargaɗi da ta kama a gabana. Sai dai na ji ƙarfi na raguwa, sannan wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Da aka kwance, kan bawul ya karye ya huda fistin, baƙin mai duk ya koma garin ƙarfe. Bayan na sa geji na sake hawa wurin. A giya huɗu allura na hawa kamar ana tura ta, ina komawa uku sai ta fara sauka. Dalili shi ne fanka da gudun inji take tafiya, in ka bar inji yana nishi a babbar giya, wuta ta yi yawa, iska ta yi kaɗan.

Na Maraɗi: Malam, akwai abin da ya kamata ka sani game da gejin kansa. Irin mai arha yana auna bambanci ne tsakanin zafin zoben da zafin mahaɗar wayarsa, kuma an saita shi a kan mahaɗar tana wajen digiri 21. Mu nan a watan Afrilu ana kai 43 a inuwa. Ka ga gejin zai nuna ƙasa da gaskiya da digiri 20 ko fiye. Ni da bazara kullum nakan ƙara wannan a lissafina, kuma na janye mahaɗar daga jikin inji.

Magajin Kombi: Kai, ashe 190 ɗina ta iya zama 210. Na gode ƙwarai.

Tsohon Makanike: To sai ka bi ta da bincike. An taɓa kawo mini wadda gejinta ya tashi da digiri 30 rana ɗaya. Na zura hannu bayan gidan fanka, sai ga baƙar leda ta manne a bakin shan iska. Duba robar da ta kewaye inji da duk ƙarafunan rufinsa, yaran gareji sukan cire su yar, zafin salansa ya riƙa komawa cikin fanka. Ka saita bawul 0.15 milimita inji na sanyi, ka duba taimin, ka tabbata kafireta ba ta jan iska ta gefe. Ƙurar hunturu in ta haɗu da yoyon mai takan toshe tsagogin silinda, a wanke.

Direban Filato: Kuma jar wutar caji in ta kama kana tafiya, tsaya nan take. Fambel ɗaya ke juya dinamo da fanka.

Magajin Kombi: Yanzu na leƙa, Baba. Robar gefen hagu babu ita gaba ɗaya, ana hango ƙasa. Gobe in sha Allahu zan nemo a sa, in sake bin titin Zariya da lodi iri ɗaya, in kawo muku abin da ta nuna.