Filin Doubleday: ƙarya ce ko al'ada?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake tun ranar Asabar, yau dai sai na amayar. Na ɗauki Khalifa da abokansa biyu daga Bronx muka nufi West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka, tafiyar kamar kilomita 80 arewa da birnin New York, a bakin kogin Hudson. Yaron nan tun yana ɗan shekara bakwai yake buga besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefa ƙwallo a doke shi da sanda, ya daɗe yana roƙo in kai shi ya ga wasan kadet, wato ɗaliban makarantar. Filin nasu ɗan ƙarami ne, kujerunsa ba su kai dubu ba, yana gefen babban filin faretinsu, ga gine-ginen dutse masu ruwan toka sun tsaya a kansa, ciyawa kuwa kamar an shimfiɗa darduma. Sunansa filin Doubleday. Wani bawan Allah da muka tafi tare, mutumin da nake ganin girmansa, ya juya ya ce wa yara wai wannan Doubleday shi ya ƙirƙiro besbol. Na ce masa a hankali, Alhaji ba haka ba ne. A gaban ɗana ya ce tuƙin tasi ya ishe ni, in bar tarihi ga masu shi. Khalifa ya sunkuyar da kai yana ta murza safar hannunsa, har muka dawo gida bai ce uffan ba. To ina tambaya: makarantar da dokarta ta ce kadet ba zai yi ƙarya ba, ba zai yi maguɗi ba, ba zai yi sata ba, ba kuma zai lamunci masu yi ba, yaya aka yi sunan filinta ya tsaya a kan ƙarya?

Maman Amira: Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri Baban Khalifa, bai kyauta ba. Ko da kai ne ba ka da gaskiya, ba a dizga uba a gaban ɗansa.

Tsohon Soja: Malam, janye kalmar nan tukuna. Ƙarya? Ka san wane ne Abner Doubleday? Ɗan makarantar ne, ya fita a 1842. Shi ya saita harbin farko na mayar da martani daga sansanin Sumter a 1861, lokacin da yaƙin basasarsu ya ɓarke. A fafatawar Gettysburg a 1863 ya karɓi ragamar runduna bayan an kashe kwamandansu. Makaranta ta sa wa filinta sunan janar ɗinta, sai ka ce ƙarya?

Baban Khalifa: Yallaɓai, ban ce bai yi yaƙi ba. Besbol nake magana.

Tsohon Soja: Ƙarya dai ka ce. Na yi shekara ashirin da biyu cikin kaki, na san nauyin kalmar nan a bariki.

Malam Habu: Bari in sa baki, don na taɓa bin diddigin labarin. A 1905 wani attajiri mai sayar da kayan wasanni, Albert Spalding, ya sa aka kafa kwamiti ya binciko asalin besbol. Dalili, wani marubucin wasanni haifaffen Ingila, Henry Chadwick, ya dage cewa wasan ya samo tushe ne daga wani wasan yara na Ingila, Spalding kuwa yana son a ce na Amurka ne tsantsa. Sai wani dattijo injiniyan haƙar ma'adinai, Abner Graves, ya rubuto wasiƙa cewa Doubleday ne ya tsara wasan a garin Cooperstown. A ƙarshen 1907 kwamitin ya amince, ya tsayar da 1839 a matsayin shekarar. To ga inda gizo ke saƙar. A 1839 shi Graves ɗan shekara biyar ne. Doubleday kuma a shekarar kadet ne a West Point ɗin nan, ya shiga tun 1838. Ya rasu a 1893, ya bar wasiƙu da rubuce-rubuce masu yawa, babu inda ya ce shi ya ƙirƙiro wasan. An sa wa filin sunansa a 1939, shekarar da Amurka ta yi bikin cikar besbol shekara 100 bisa wancan lissafi. Ƙari kuma, tun 1791 garin Pittsfield ya yi dokar hana buga besbol kusa da sabon zauren taronsu don kada a farfasa tagogi. Doubleday an haife shi a 1819.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da na so in faɗa wa Alhaji ke nan ya toshe mini baki.

Tsohon Soja: Malam Habu da bakinka ka wanke shi. Mutumin bai taɓa cewa shi ya yi ba. To waye maƙaryacin? Mamaci?

Malam Habu: Ni ban kira kowa maƙaryaci ba. Da ni ne zan ce almara.

Auwalu Kumasi: Almara da ƙarya ai ɗanjuma ne da ɗanjummai. Abin da bai faru ba, bai faru ba.

Malam Habu: A'a. Ƙarya sai da niyyar yaudara. Almara kuwa jama'a ke riƙe ta don tana faɗa musu su wane ne. Kowace al'umma na da irin nata. Mu ma ai muna da labarin Bayajidda, masana tarihi har gobe suna ja-in-ja a kansa.

Ɗan Daura: Dakata Malam Habu. Me ya kawo Bayajidda cikin zancen ƙwallon Turawa? Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ka je ka sha ruwanta. Wannan tarihi ne, ba almara ba. Ka nemi afuwa.

Malam Habu: Ƙanina, filin Doubleday ma yana nan, Baban Khalifa ya zauna a kujerunsa. Kasancewar wuri daban, tabbatar labari daban.

Ɗan Daura: Ni ba ƙaninka ba ne in dai za ka haɗa kakanninmu da ƙanzon kuregen wani ɗan shekara biyar. Ku Kanawa dama haka kuke, duk abin da ba daga Dala ya fito ba sai ku ce tatsuniya ne.

Maman Amira: Haba, ina Kano ina West Point?

Sadiya London: Ni abin da ya ba ni haushi a bayanin Malam Habu shi ne yadda aka danne gaskiyar Chadwick don kawai haifaffen Ingila ne. Wasan da ya ambata har yau yara na yin sa a makarantun nan, 'yata ma tana yi. Sanda, ƙwallo, tashoshi huɗu a zagaya. Duk wanda ya gani ya san ɗan wa ne besbol. Amurkawa ba sa son a ce sun ara.

Baban Khalifa: Hajiya Sadiya, nan kuma ban bi ki ba. Ko daga can tushen ya fito, a New York aka raine shi. Kulob ɗin Knickerbocker ne ya rubuta dokokinsa a 1845. Ki zo filin kulob ɗin Yankees nan unguwarmu ki gani ko wasan yara ne.

Sadiya London: Kai da ka fara cewa ƙarya suke yi, yanzu kuma kai ne lauyansu?

Auwalu Kumasi: Wasan da za ka zauna awa uku mutum ɗaya na jifa ɗaya na jira. Ku ba mu ƙwallon ƙafa mu huta.

Baban Khalifa: Auwalu ba ka taɓa tsayawa ƙwallo ya nufo ka da gudun da ya fi na mota a babban titi ba. Khalifa ya taɓa dawowa da yatsa a kumbure kamar rogo, washegari ya koma fili.

Tsohon Soja: Ku bar wannan. Abin da farar hula ba za ku gane ba shi ne, a makarantar soja fili ba wurin shaƙatawa ba ne, aji ne. Janar Douglas MacArthur, lokacin yana kadet, ya buga wasan besbol na farko tsakaninsu da makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1901, suka ci 4 da 3. Da ya dawo ya shugabanci makarantar daga 1919 zuwa 1922, ya wajabta wa kowane kadet shiga wasa, don a ganinsa a filin wasa ake shuka abin da za a girba a fagen fama. Janar Omar Bradley ya buga musu besbol. Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ɗan ajin Bradley na 1915, ya nemi shiga ƙungiyar bai samu ba, abin ya tsaya masa a rai har bayan ya zama babba. Irin mutanen da suka taka ciyawar makarantar ke nan. Har Yankees ɗin da kake taƙama da su sun sha zuwa su buga da kadet, sun je a 2013. Lokacin yaƙin duniya na biyu 'yan kulob ɗin Dodgers ma a zauren atisayen makarantar suke fakewa in sanyi ya hana su fita. Sannan mutum ya je yini ɗaya ya dawo yana cewa ƙarya.

Auwalu Kumasi: Yallaɓai tunda dokar tasu ce ake magana, ina batun sata? Alamar sojan ƙasa alfadari ne, ta sojan ruwa bunsuru. Kadet ɗin West Point sun sha zuwa su sace bunsurun nan kafin wasansu na shekara. A 2021 ma kuskure suka yi suka kwaso wani tsoho da ya riga ya yi ritaya. Wannan fa?

Tsohon Soja: Wannan ba sata ba ce, al'ada ce. Suna mayarwa.

Auwalu Kumasi: To ƙarya ta zama almara, sata ta zama al'ada. In ɗanka ya kwance akuyar maƙwabci ya dawo da ita bayan kwana uku, me za ka kira shi?

Tsohon Soja: Kada ka sako ɗana cikin wannan magana.

Ustaz Nura: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Baban Khalifa, ka san akwai mutum-mutumin wani janar Sedgwick a gefen filin faretin nan? Al'adarsu ce kadet ɗin da ke tsoron faɗuwa jarrabawa ya sa cikakken kakinsa da tsakar dare ya je ya juya ƙaimin takalmin mutum-mutumin don ya samu sa'a. Wannan camfi ne ƙarara. Ka kai yara uku wurin, ka ja musu kunne kuwa? Sunan fili ba ya taɓa aƙida, wannan kuwa yana taɓawa.

Baban Khalifa: Ustaz wasa muka je kallo da rana tsaka. Yaran ko mutum-mutumin ba su lura da shi ba.

Ustaz Nura: Yau kallo ne. Gobe in ya ce can zai yi karatu fa?

Maman Amira: In ya samu ai sai mu yi masa addu'a. Ba a biyan kuɗin makaranta, sai dai in ya gama zai yi wa soja aiki shekara biyar. Mata ma tun 1976 ake ɗaukarsu.

Ustaz Nura: Ya yi wa sojan wa aiki, a tura shi ya yaƙi wa? Kin yi tunanin wannan?

Sadiya London: Ustaz wannan wata muhawarar ce, kada ka buɗe mana ita yau.

Ɗan Daura: Har yanzu ina jiran Malam Habu.

Malam Habu: Ban zagi Daura ba, kakata ta wajen uwa 'yar can ce. Amma ba zan ce abin da masana ke saɓani a kansa ya tabbata ba don a ji daɗi. Abin da kwamitin Spalding ya yi ke nan.

Ɗan Daura: Kun gani ko? Ya sake.

Baban Khalifa: Jama'a ni fa tambaya ɗaya na yi. Ɗana ya ji an ce ubansa jahili ne a kan abin da ubansa ke da gaskiya. In nuna masa bayanin Malam Habu ko in bari don girman Alhaji?

Tsohon Soja: Ka fara janye ƙarya.

Baban Khalifa: Ba zan janye ba.

Alhaji Ɗanlami, shugaban zaure: To ya isa haka, dare ya yi a nan, gobe da aiki. Ga abin da na fahimta. An tabbatar Janar Doubleday jarumi ne, ɗan makarantar ne, kuma bai taɓa da'awar komai ba, saboda haka sunansa ya dace da filin. Yallaɓai ya kawo hujjoji masu nauyi da shekaru da sunaye, kuma mu da muka tashi a bariki, mahaifinmu na sanye da kaki, mun san abin da yake nufi. Malam Habu ma ya kawo nasa tarihin, mun gode, amma da bai taɓo Daura ba da ya fi. Kalmar ƙarya ta yi tsauri, Baban Khalifa ya duba. Zancen bunsuru raha ce ta matasa, ba abin tsayawa ba ne. Maganar Ustaz za mu sa mata rana. Shi kuma Alhajin da aka yi tafiyar da shi, na san shi, dattijo ne, a bar maganar a nan. Na rufe zaure sai da safe.

Ɗan Daura: Alhaji kafin ka rufe, a rubuta cewa bai nemi afuwa ba.