In sayi tikitin Iron Maiden ko in haƙura, tunda Nicko ya sauka?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Coventry, wani ɗan ajinmu zai sayar min da tikitinsa na wasan ƙungiyar mawaƙan rock ta Iron Maiden a filin London Stadium, 28 ga Yuni, 2025, kan fam 150. Abin da ke damuna, mai gangarsu Nicko McBrain ya daina fita rangadi tun Disambar 2024, Simon Dawson ne kan ganguna yanzu. Wanda ya taɓa ganinsu ido da ido ya taimaka min, in babu Nicko wasan zai kai kuɗin?

Baban_Ilham: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da mawaƙinsu Bruce Dickinson ya fita a 1993 suka ɗauko Blaze Bayley, mun ɗauka an gama. Sai ga shi ya dawo a 1999 tare da Adrian Smith, ba su kuma sallami Janick Gers ba, masu jita suka zama uku. Muddin Steve Harris na nan, ƙungiya na nan. Shi ya kafa ta a 1975.

Sadik_Leeds: Kar ka kuskura ka sayi tikiti a hannun mutum. A 2023 na tura wa wani fam 210 ta intanet, kuɗin aikin dare a sito, na hau mota har Birmingham. A bakin ƙofa aka ɗora na'ura kan wayata, sai ta nuna ja. Ashe mutum uku ya sayar wa tikitin. Daga waje nake jin ihun mutane, na kira lambar a kashe. Shekarar ce Nicko ya dawo bayan shanyewar ɓarin jiki, shi na je gani, yanzu kuma ya sauka. Wallahi har yau abin yana ci min rai.

Ɗan_Fagge: Allah ya mayar da alheri. Amma wannan ɗan ajinmu ne, kullum muna tare.

Maman_Sultan: 150 ma tsada ne. Nawa bai kai fam 100 ba.

Sadik_Leeds: Na tsaye ko na can sama inda sai da madubin hange? Jiya na ga na tsaye a 280.

Gwaska77: Ku kwantar da hankali, dodon nan Eddie, tambarin ƙungiyar, dai ba a taɓa sallamarsa ba, kuma bai taɓa neman ƙarin albashi ba.

Baban_Ilham: Sadik, kai da ba ka shiga ba, ta yaya za ka ba da shawara kan wasan? Shi kansa Nicko ai a 1982 ya gaji Clive Burr.

Sadik_Leeds: Yaya, da girmanka, ku da kuɗinku kuke shiga. Yaron nan ɗalibi ne.

Maman_Sultan: Ni abin da ya fi ɓata min rai masu ɗaga waya. Ka biya kuɗinka, ka ƙare da kallon allon wayar na gabanka. Bana ma ƙungiyar ta roƙi a bar wayoyi a aljihu.

Gwaska77: Wa zai ji, Hajiya? Wanda ya tsaya gabana a wancan karon har fitila ya kunna.