Gyaran injin niƙa kofi na hannu don niƙa ya fito bai ɗaya

Baban Ilham: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawara a kan injin niƙa kofina na hannu, mai haƙoran tangaran da kwalba a ƙasa. Idan na ɗaure shi don niƙa mai laushi ba ya ba ni matsala, amma da zarar na sassauta shi don in sami ɓarzajjen kofi na French press (butar da ake jiƙa kofi a ciki a danne shi da matata), sai ya fito rabi tsaki rabi gari, har ɗaci da tsami su haɗu a kurɓi ɗaya. Akwai gyaran da za a yi masa, ko in haƙura in sayi wani?

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, ka kwance kwalbar, ka kama haƙorin ciki da yatsu ka motsa shi gefe da gefe. Yawancin irin waɗannan injuna daga sama kaɗai aka riƙe sandar da ke juya haƙorin, shi ya sa idan aka buɗe tazara sai ƙwayar kofi ta ture shi gefe guda, wani ɓangaren ya matse ya fitar da gari, ɗayan kuma ya wangale ya saki tsaki. Maganinsa ƙaramin farantin ƙarfe ne mai huda a tsakiya, wanda ake ɗaurawa kusa da haƙoran don ya riƙe sandar. Kamfanin Hario na Japan ma ya saka irinsa a samfurinsa na Skerton Plus. Mai aikin ƙarfe zai iya yanka maka, da sharaɗin hudar ta zauna a tsakiya cif, domin in ta karkace, girgiɗi ya tafi amma karkata ta zauna daram.

Maman Sadiq: Injiniya, nawa ƙaramin na roba ne, kuma haƙorin waje ne yake wasa a mazauninsa. Na naɗa masa salatif zagaye biyu, na mayar da shi ya zauna dam, na kuma ga bambanci a kofin tacewa. Sai dai duk bayan 'yan watanni salatif ɗin yana laushi, dole in sake.

Malam Habu: Ni kam ban taɓa kwance komai ba. Rariyar shayi nake sa wa in tankaɗe garin in zubar, abin da ya rage in dafa.

Injiniya Kabiru: Malam, a gafarce ni, rariya tana raba ka da garin ne kawai, manyan tsakin suna nan yadda suke, ga kuma asarar kofin da aka saya da tsada. Gara a tsayar da sandar tukuna. Bayan nan, wanda matakan daidaita laushin niƙa na injinsa suka yi masa nisa da juna zai iya sauya notin daidaitawa da noti mai roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da kansa, sai ya riƙa tsayar da shi inda ya ga dama. Masu injin Comandante ba sa bukatar wannan dabara, domin akwai wani kayan ƙari mai suna Red Clix da ke raba kowane mataki gida biyu.

Maman Sadiq: In ƙara da abu biyu da ba sa cin kuɗi. Idan aka ɗan karkata injin ana juyawa a hankali, ƙwayoyin suna shiga kaɗan-kaɗan, garin kuma yana raguwa. Sannan a lokacin hunturu, da iska take bushe ƙayau, garin yana manne wa bangon injin, don haka nakan jiƙa bakin cokali in juya ƙwayoyin da shi kafin niƙa. Ɗigo ɗaya ya isa, musamman ga mai haƙoran ƙarfe da ke gudun tsatsa.

Malam Habu: To, Baban Ilham, in kuɗin gyaran ya kusa rabin na sabo, ka duba injin Timemore C2 ko ɗaya daga cikin na 1Zpresso, domin su boris biyu ne ke riƙe da sandarsu tun daga kamfani.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu, haƙorin ciki yana kaɗawa har yana taɓa na waje. Injiniya, ranar Asabar zan kai sandar wurin mai aikin ƙarfe, sai ka faɗa mini kaurin farantin da zan ce ya yanka.