Me ya hana a kafa sabar tushen DNS a Kaduna?

Ɗan Kawo: Salam 'yan uwa. Malaminmu ya ce sabobin tushen DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafin intanet zuwa lambar adireshinsa, 13 ne kacal a duniya, to me ake dubawa kafin a ajiye su, me zai hana a kawo ɗaya Kaduna ko netwok ɗinmu ya daina jan ƙafa?

Injiniya Barnawa: Wa'alaikassalam ƙanena. 13 ɗin sunaye ne, A zuwa M, hukumomi 12 ke riƙe da su, amma injinan kansu sun haura dubu, adireshi ɗaya ake sawa a wurare da yawa sai tambayarka ta tafi wanda ya fi kusa. Inda kamfanonin layi ke haɗuwa ake nema, kamar IXPN a Legas, sannan wuta ba yankewa, da sanyi, da faiba, wato kebul ɗin intanet, ta hanya biyu ko fiye saboda in an yanke ɗaya.

Hajiya Tudun Wada: Wutar nan ita ce damuwata wallahi, a kafe ɗina janareto ke kwana yana ihu.

Injiniya Barnawa: Gaskiya ne Hajiya. Kuma ƙanena ko an kawo ba za ka ji bambanci sosai ba, sabar kamfanin layinka tana ajiye amsar tushe har kwana 2 kafin ta sake tambaya.

Ɗan Kawo: Na gode Yaya, ashe matsalar tamu faiba ce.