Iyafis na awo ya ƙi zama: musayar baitoci

Sabon Mawaƙi:
Sallama gare ku, masana sauti,
Na zo da kuka, ku ji ni 'yan'uwa.
Iyafis, abin jin sauti na cikin kunne, na sa aka yi min na awo,
Daidai da kunnena aka yi zubawa.
In na yi shiru, bes, sauti mai kauri, har cikin ƙirji,
Na buɗe baki, sai ya yi gushewa.
Na dama lafiya, na hagu ke yoyo,
Hayaniyar waje tana ta shigowa.
Laifin na'ura ne ko na kunne?
Ku faɗa min kafin in yi mayarwa.

Mai Haɗa Sauti:
Ƙanena, kafin ka zargi na'ura,
Tuna ranar da aka ɗau awonka.
Likita ya cusa ɗan soso mai zare,
Ya ɗura silikon cikin kunnenka.
Soson ya wuce lanƙwasar ramin kunne ta biyu?
In bai kai ba, gajere ne bututun iyafis ɗinka.
Sannan ka ciji ɗan abu a lokacin,
Ko kuwa a rufe ka bar bakinka?
Muƙamuƙi maƙwabcin ramin kunne ne,
Da ya sauka, ramin ya sauya maka.
Mai saurare a zaune ya iya lallaɓawa,
Mai waƙa, a buɗe ake auna ka.

Sabon Mawaƙi:
Kash, Yaya, ban ciji komai ba,
Hira ma nake, ban yi shiru ba!

Tsohuwar Hannu:
Ɗana, kar ka yi saurin sake awo,
Sau da yawa sakawa ce ba a iya ba.
Ja na dama ne, shuɗi na hagu,
Da yawa sun juya ba su lura ba.
Kama saman kunne, ja sama da baya,
Sa bakin, murɗa baya, ba turawa ba.
Ɗigon man kunne mai ruwa ya isa,
Akirilik, robar iyafis, tauri gare shi, bai san lanƙwasa ba.
Duba bututun, ko dauɗar kunne ce
Ta toshe shi, kai ba ka goge ba.
Kunna sautin bes na 50 Hz ka yi hamma:
In ya ɓace, iyafis bai rufe ramin ba.

Mai Dabara:
Ni jan farce mara launi na shafa,
Shafi biyu, ya yi kauri, ya zauna.

Mai Haɗa Sauti:
Malam, wannan dabarar ta gaggawa ce,
Fatar ciki ba ta son abin da zai ƙona.
In ya ɓare a rami wa zai ciro shi?
Masu yin sa su ƙara kauri, sun fi gwanina.
Abin da nake tsoro ga mai yoyo:
Bes ya gudu, ya ƙara murya yana murna.
Ƙarar sauti desibel 85, awa 8 ne iyaka,
Ƙara 3 kawai, rabin lokacin ka ƙona.
Ni da na rame, nawa ma ya saki,
Kunne na bin jiki, na gani da idona.

Sabon Mawaƙi:
Inna, na murɗa yadda kika ce,
Na dama ya ƙara kamawa.
Na hagu dai, da na yi hamma,
Sautin 50 ɗin ya yi ɓacewa.
Gobe zan koma wurin likita,
In ciji abin, in daina zubawa.