Ana yanke min kuɗin fansho amma ba sa shiga asusuna

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 11 ina aiki a wata masana'anta mai zaman kanta, yanzu ina da shekara 47 a duniya. Duk wata takardar albashi tana nuna an cire min kashi 8 cikin 100 na fansho. Makon jiya na je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusuna na karɓi bayanin kuɗina, sai na tarar rabon da ko sisi ya shiga wata 26 ke nan. Babu nawa da aka yanke, babu kason masana'anta. Na tambayi akantanmu, ya ce kasuwa ce ta tsaya, dizal ya cinye komai, za a zuba in abubuwa sun daidaita. Ina tsoron in ɗaga murya a sallame ni, ga 'ya'ya shida. Yaya zan yi?

Tsohon akanta: Wa'alaikumussalam ƙanena. Abin da aka cire daga albashinka guminka ne, ba jarin sayen dizal ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki aƙalla kashi 10, kuma a zuba cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya riƙe, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata, kuma asusunka za ta shiga. Ka lura, asararka ta fi jimillar wata 26 ɗin nan. Kuɗin asusu juya su ake yi suna kawo riba, naka kuwa suna hannun wasu, naira tana ta zubewa. Tun yau ka tattara takardun albashinka duka, da takardar ɗaukarka aiki, da bayanin asusun nan, ka yi musu hoto ka ajiye a gida, ban da durowar ofis.

Wata uwa: Malam, kada ka yarda da "in abubuwa sun daidaita". Haka aka yi ta gaya wa maigidana har ranar da suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Bayan wata huɗu ba aiki ya je neman kashi 25 cikin 100 na kuɗin asusunsa na fansho da doka ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, abin da ya samu ko kuɗin haya bai kai ba, don asusun ma kusan wayam yake. Kamfanin da ke raye ake iya bi bashi.

Wani ɗan uwa: Ni dai na ce a yi haƙuri. Aiki yanzu wuya gare shi, kar garin neman gira a rasa ido.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago: Tsoron nan gaskiya ne, shi ya sa ba a zuwa mutum ɗaya. In ba a zuba naka ba, to na abokan aikinka ma haka ne. Kowa ya karɓo bayanin asusunsa, ku rubuta wa manaja takarda ɗaya cikin ladabi, ku nemi a rubuce ranar da za a fara biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. In shiru, ku kai ƙorafi PenCom, wato hukumar kula da fansho ta Najeriya, tana da wakilan da ke bin irin wannan bashi da tararsa. Kuma kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna takardar shaidar biyan fansho daga hukumar, wannan kan sa masu kuɗi su saurara. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana nan in ta kai ga haka.

Mai neman shawara: Allah Ya saka da alheri. Na yi wa mutum huɗu magana a sashenmu, uku ba su taɓa duba asusunsu ba, ɗaya ma bai san lambarsa ba. Ranar Litinin za mu je tare. Baba akanta, takardun albashina na wata biyar sun ɓata, bayanin banki zai iya tsayawa a madadinsu?

Tsohon akanta: Zai nuna an biya ka albashi a watannin, amma ba zai nuna abin da aka cire ba. Haɗa shi da takardun watan da ya gabace su da wanda ya biyo baya, sannan ka nemi kwafi a ofishin albashi kafin su ji labarin takardarku.